Duwatsu Uku a Layin Niƙa

Gyara zama, Saratu, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki yi masa ado. Ni ce Kulu, matar marigayi mai injin niƙa na unguwarmu a Bungudu. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, shi ya sa 'yata ke riƙe da biro ni ina magana. Bashiru ne ya jawo wannan zance, ɗan ƙanin Malam mijina, wanda ya share injin zai tayar da shi bayan shekara biyu yana rufe. Ya zo Gusau gaishe ni, na tambaye shi wa zai riƙe masa layi. Ya yi dariya ya ce, “Inna, layi ma sai an riƙe shi? In an tambaye ni lokaci, in ƙirga kwanuka in duba waya, shi ke nan.” Ban amsa masa ba, don hawaye sun riga magana fitowa. To ga amsar. A kai masa, ya karanta wa abokansa masu irin tunaninsa.

Shekara talatin da wani abu Malam yana ɗakin inji, ni ina tsakar gida da kwanuka. Ta wurina ake shigowa. Mace ta sauke kwanonta a bayan na wata, ta rufe da faifai, tambayarta guda ce: “Inna, yaushe zan dawo?” A kan abin da na ce za ta hura wuta ko ta bari, ta tafi rafi ko ta zauna, ta ce wa maigida tuwo zai samu ko ya nemi fura. In na rage lokaci, ta zo ta tsaya tana harara ta, ruwan tuwo yana ƙonewa a tukunya. In na ƙara da yawa, garinta ya zauna kaji suna ci. Kayan aikina ba su da yawa: carbi, kunne, da inuwar katangarmu ta yamma.

Ranar da na fara, a Tsafe ne, gidan Gwaggo Tumba, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara tara. Mijinta ne mai inji a unguwarsu, ita ke riƙe masa layi. Ta miƙa mini carbi ta ce in ja ina salati daga lokacin da aka zuba tiyar gero a mazurari har gari ya gama sauka. Carbi ɗaya cif. Dawa ɗaya da rabi. Masara biyu, don taurin kanta, wani lokaci ma sai an maimaita. Na ce a raina ashe abin ba wuya. Da hantsi wata mai ƙosai ta kawo jiƙaƙƙen wake, na ƙirga kwano takwas a gabanta, na lissafa, na ce ta dawo kafin inuwa ta bar bakin rijiya. Ta dawo, ba a kai kanta ba. Ta sake dawowa, ba a kai ba. Ranar ba ta yi suyar rana ba.

Gwaggo ta kira ni ta ce, “Mi kika ƙidaya?”

Na ce, “Kwanuka, Gwaggo.”

“Kwanuka! To jakin gidan ga ma in an ba shi lokaci ya ƙidaya kwanuka. Kin buɗe na huɗu?”

Ban buɗe shi ba, sai Gwaggo ce ta gaya mini abin da ke ciki. Tattasai ne da attarugu. Ba a zuba hatsi a bayan markaɗen yaji sai an kwance kan inji, an wanke, an tsane, an ɗaure. Wannan kaɗai carbi goma ne, kuma babu kwanon da ke nuna shi. Ta ce mini, “Lokacin da ke cikin kwano kowa na ganinsa. Wanda ke tsakanin kwano da kwano, shi anka aje ki ki gani.” Ta sa na je har gida na ba mai ƙosai haƙuri.

Shekara shida na yi a gefenta kafin ta bar ni in buɗe baki ni kaɗai. Abu na biyu da ta koya mini shi ne, tiya ashirin ba tiya ashirin ba ce kullum. Kwano goma masu tiya bibbiyu suna tafiya sumul, kowa ya san rabonsa. Amma a ce ƙanana tara da babban daro guda, nauyin ɗaya ne, jiran ba ɗaya ba, don duk wadda ta faɗo bayan daron ta shiga uku, ga inji ya yi zafi sai an ƙara masa ruwa. Haka zuwan mutane. In suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, layi ba ya taruwa. In sun zo a dunƙule, kamar ranar kasuwa ko jajiberin salla, mutanen ba su fi na jiya yawa ba amma jiran ya ninka. Don haka bayan na gama lissafin tiya da carbi, sai in dubi layin in ga ko ya yi kama da juna. In bai yi ba, in ƙara kashi ɗaya cikin uku. Sannan in rage kaɗan, don a kowane dogon layi akwai mai gajen haƙuri da za ta ɗauke kwanonta ta koma turmi.

Na uku shi ne babba, kuma shi Bashiru ba zai gani a waya ba. Gwaggo takan rufe ido ta ce, “Saurara. Yana hutawa?” Injin da ke gama kwano ya ɗan yi kukan banza kafin a zuba wani, wannan injin yana da inda zai haɗiye matsala. Bel ya zame, a gyara, kafin azahar ya cinye ratar. Amma injin da ake zuba masa kwano a kan kwano tun safe, duk tsaikon da ya samu ba ya ɓacewa. Na baya ya gaje shi, na bayan na baya ya gaje shi da ƙari. Tsakanin kwano takwas su zo a lokacin da inji ke cin goma, da tara su zo, kwano ɗaya ne bambanci, amma jiran sai ya ninka. In goma suka zo, layin ba ya mutuwa sai an rufe ƙofa. Ta ce ranar da na ji inji ba ya hutawa, duk abin da lissafi ya ba ni in ninka shi, ko kuma in yi shiru.

Saratu ta ce mini akwai malamai a jami'a da ke wannan aiki da biro da takarda, kuma su ma kintace suke kiran nasu, ba tabbas ba. Na ji daɗin jin haka. Allah ya sa su ba su taɓa binne kowa a kan nasu kintacen ba.

Da aka kawo ni Bungudu na tarar Malam yana fama da inji da layi shi kaɗai, mata suna faɗa a ƙofa. Na karɓi layin. Ba na faɗin ƙarfe kaza, salla nake faɗa: bayan azahar, kafin la'asar, in liman ya sallame. Kuma kullum ta gaba nake ba su, don gara mace ta tarar da garinta yana jiranta. Har daga Kekun Waje mata kan wuce wani inji su zo namu, ba don haƙoran injinmu sun fi niƙa laushi ba, sai don sun ce maganar Kulu ba ta tashi. Malam yakan leƙo, fuska duk gari kamar wanda ya fito daga buhu, ya ce, “Sarauniyar layi, in sha ruwa ko lissafinki bai yarda ba?” In ce, “Sha, na riga na sa shi a ciki.”

Muna da wata al'ada a unguwar. Mace ta surfa hatsinta ta wanke ta shanya, bai bushe ba, sai ta zo ta aje dutse a layi ya riƙe mata wuri. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa: dutse na kwanon tuwon dare ne, tiya biyu, in ta yi yawa uku. Mai buhu tubali take ajewa. Ni kuwa na san duwatsun kamar yadda na san fuskoki, don kowace tana da nata a bakin murhu.

Sai mummunar shekarar ta zo. Mutanen daji suka hana noma, suka tashi ƙauyuka, jama'a suka kwararo gari da abin da suka iya ɗauka. Wasu a gidajen 'yan'uwa, wasu a wata makarantar firamare da ke bayanmu. Masu injin ƙauye, wanda bai gudu ba an ƙone nasa. Duk hatsin ƙasar nan ya dawo ƙofarmu. Tun fitowar rana har faɗuwarta injin nan bai ƙara yin kukan banza ba. Haƙora suna dasashewa a kwana uku maimakon mako biyu. Bel ɗinmu ɗinki uku ne a jikinsa. Na ji da kunnena, na san abin da Gwaggo ta ce. Amma mutane sun saba in an tambaye ni in amsa, ni ma bakina ya saba.

Ranar wata Laraba da hantsi wata yarinyar mace ta shigo da masara tiya takwas. Balki sunanta, daga wani ƙauye can bayan gulbi, cikin 'yan kaɗan da ba su tashi ba. A kan babur ɗin haya ta zo, kuma masu babur na wannan hanya a tare suke komawa da an sallame la'asar, bayan haka ko tsuntsu ba ya bin ta. Da aka yi azahar ta durƙusa a gabana.

“Inna, don Allah duba mini. In ba za a kai kaina ba in ɗauki abina in tahi, in daka da hannu. Na bar jariri wurin uwar mijina, wata biyu gare shi.”

Na duba. Kwano bakwai a gabanta da duwatsu uku. Kwanukan na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, gero da dawa ne, babu yaji. Duwatsun jajayen marmara ne, ban san su ba. Na gan su tun safe da na fito daga madafa, na ce a raina zan tambaya, hayaniya ta ɗauke mini hankali. Na sa musu tiya bibbiyu. Na tara, na ƙara kashi ɗaya cikin uku, na sa nata a kai, ya ba ni carbi arba'in da biyar. Daga azahar zuwa la'asar a wannan watan carbi sittin ne. Ban ninka ba.

Na ce, “Zauna, ɗiyata. Kafin ladan ya buɗe baki garinki na kanki.”

Ta yi murmushi ta ce, “An ce mini maganarki ba ta tashi.”

Kwano huɗu suka wuce, aka zo kan dutsen farko. Sai ga mata uku sun turo baro, buhun dawa cike har baki. Wata dattijuwa a gaba ta sunkuya ta ɗauke dutsen ta ce nata ne. Na ce, “Yaya, dutse na kwano ne. Mai buhu tubali take ajewa.”

Ta dube ni ta ce, “Wa ya gaya muna? Mu talatin da huɗu ne cikin aji guda, tukunyarmu guda. Dutsi nawa kike so mu aje? Sauran biyun ma na makwabtanmu ne, kowane aji da nashi, suna tahe.”

Duwatsu uku da na sa wa tiya shida, ashe buhu biyu ne ko fiye.

Na roƙe ta a bar Balki ta wuce. Ta ce yaransu tun jiya ruwan kanwa ne a cikinsu, kuma tun asuba suka aje dutsen. Masu kwanuka suka taso, kowace da nata uzurin, kuma duk gaskiya suke faɗa. Wata ta ce, “Shekara nawa kina hana mu tsallake layi, Inna, yau kuma ke za ki tsallakar?” Gardamar kanta ta ci carbi biyar. Daga ƙarshe dattijuwar ta ce a niƙa musu rabi su ɗora tukunya, sannan baƙuwa ta shiga. Allah ya saka mata, ta yi abin da za ta iya.

Ana zuba masarar Balki a mazurari, mai babur ya leƙo. “Balki, hito, ana alwala.” Ta dube ni. Na ce, “Carbi goma sha shida, kafin ku sallame an gama.” Magana ta biyu ke nan. Rabi ya sauka, sai muka ji fat, bel ya tsinke a ɗinkin tsakiya. Mai babur ya ce shi zai yi salla a tasha, in ta iske su to, in ba ta iske su ba ba zai tsaya shi kaɗai ba. Ta tashi za ta bi shi ta bar masarar, ta tsaya, ta ce mutum tara ke jiran garin nan. Ta ce, “Inna, ɗinkin na daɗewa?” A shekarun lafiya carbi biyar ne. Na ce, “Biyar.” Magana ta uku. Bel ɗin ya ruɓe, duk inda Malam ya huda sai ya yage. Goma sha biyar ya ci.

Ta ɗauki garin ta ruga tasha. Ba a jima ba ta dawo da shi a ka, tana kuka ba sauti. Na ce ta kwana a ɗakina, gobe da sassafe ta bi ayari. Sai ta janye mayafi na ga gaban rigarta ya jiƙe da nono.

Malam ya fito yana goge hannu. Ya ce, “Uwar Saratu, ke kika ce ta zauna?”

Na ce, “Ni ce.”

Ya ce, “To maganarki maganar gidan nan ce.” Ya kashe inji, abin da bai taɓa yi ba da layi a ƙasa, ya fito da babur ɗinsa. Na riƙe masa hannun riga, ya ce rana da sauranta, kuma shi tsoho wa zai kula shi. Ya ɗaure garin a baya, Balki ta hau. Ya juyo yana dariya ya ce, “Sarauniyar layi, zuwa da dawowa, yaushe?” Na dubi inuwar katanga na ce, “Kafin a kira magariba.” Ya ce, “To ɗora mini ruwan wanka.”

Na ɗora.

Washegari masu babur suka ga gari a zube a gangaren gulbi, fari a kan yashi, da takalminsa ƙafa ɗaya. Daga nan na shiga layin da babu kwano a cikinsa. Ba abin buɗewa, ba abin saurare, ban san nawa ne a gabana ba. Mutane suna tambayata ko an ji labari, wasu ma don sabo sai su ce, “Inna, kina ganin yaushe?” Na ja carbin nan har zarensa ya tsinke sau biyu. Kai da kawowar da aka yi ba zan shiga ciki ba, Saratu ta sani.

Bayan wata uku Balki ta shigo tsakar gidan, sai da ta yi magana na gane ta. Ta ce zazzaɓi ya kama shi a daji a mako na biyar, waɗanda ke tsare tare da shi suka yi masa salla suka rufe shi a gindin wata kirya. Na tambaye ta jaririn. Ta ce bai jira ta ba. Ba ta zarge ni ba, ko da ido. Da ta zage ni da na fi samun barci. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma, jira ɗaya ke nan a rayuwata da aka gaya mini ƙarshensa tun ranar farko.

Don haka, Bashiru, in ka tayar da injin baffanka, ka buɗe kowane kwano. Dutsen da ba ka sani ba, ka ɗaga shi sama ka tambayi mai shi mutum nawa ke bayansa, kada ka zuba komai sai an amsa. Ka saurari injin. Ka aje sabon bel a rataye. Wannan shi ne abin da na iya, kuma daidai ne, ko yau a kawo ni gaban layi zan faɗa maka. Abin da ba zan iya koya maka ba shi ne me za ka ce wa mai hanya a gabanta, don ni kaina ban sani ba yanzu.

Watan jiya Saratu ta kai ni asibiti a nan Gusau saboda ƙafafuna. Muna kan benci bayan azahar, wata yarinyar mace kusa da ni da yaro a kafaɗa, jikinsa zafi har ina jin sa ta zanena. Ta ce daga wajen Magami take, in ta wuce la'asar ba mota. Ta ce, “Inna, kin ga kamar za a kai kaina?” Ban so ba, amma idona ya riga ya yi aikin. Mutum goma sha ɗaya a gabanta, ɗaki biyu ake gani, kowane mutum carbi uku zuwa huɗu, kuma na lura ƙofar takan zauna a buɗe kaɗan kafin wani ya shiga. Likitocin suna hutawa. Ko na ninka, za a gan ta da sauran rana mai yawa. Na buɗe baki in faɗa mata haka, sai na ga gari a kan yashi.

Na ce, “Tashi ki kama hanya, ɗiyata. Yau ba za a kai kanki ba.”

Ta yi godiya, ta gyara goyon yaron, ta fita.

Aka kira sunanta sau uku, ma'aikaciyar tana ɗaga katin tana duba fuskoki. Wurinta na nan kusa da ni, ba wanda ya zauna. Carbina na hannu. Daga kiran sunan nan zuwa kiran la'asar, talatin da biyu na ja. Ban san ƙauyensu ba, ban san sunan yaron ba, ba kuma wanda zai zo ya gaya mini.

Aje biron, Saratu. Ya isa.